Na Gani a Waya, Na Sha, Ya Cutar da Ni: Wa Zan Kama? Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawan Legas

Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, yawancin mutanenmu waya suke fara tambaya kafin su tambayi likita. Dalilin a fili yake: layin asibiti dogo ne, cunkoson hanya yana cinye yini, kuma ba kowa ke son bayyana ciwonsa da Turanci ko Yarabanci ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a tsakaninmu, mun amsa su ta fuskar lafiya da ta doka tare, domin a wannan batu ba su rabuwa. Bayanin da babu wanda zai amsa sunansa idan ya yi ɓarna, shi ne bayanin da ya fi kamata a yi tsoro.

Na karanta wani haɗin magani a intanet, na gwada, ya kwantar da ni a asibiti. Zan iya kai ƙarar wanda ya rubuta?

Kai ƙara kam kowa na iya kaiwa. Cin shari'ar ne ke da wuya. Kotunan Legas suna bin tsarin shari'ar da aka gada daga Ingila, kuma a ƙarar sakaci sai ka tabbatar da abu huɗu. Na ɗaya, cewa nauyin kula da kai yana wuyan mutumin. Na biyu, cewa ya yi sakaci da wannan nauyi. Na uku, cewa sakacinsa ne ya jawo maka cutar, ba wani ciwo da ka riga ka zo da shi ba. Na huɗu, cewa cutar ta tabbata, da takardun asibiti da rasidin abin da ka kashe.

Wurin da yawancin ƙararraki ke faɗuwa shi ne na ɗaya. Wanda ya rubuta wa duniya gaba ɗaya cewa ganye kaza yana maganin hawan jini bai san ka ba, bai san shekarunka ba, bai san kana shan wani magani ba. Kotu ba ta cika ɗora masa nauyinka kai kaɗai ba. Ƙa'idar da lauyoyi ke komawa gare ta ta fito ne daga shari'ar Hedley Byrne ta 1963 a Ingila: mai ba da shawara yana ɗaukar alhaki idan ya nuna shi masani ne, ya san kai ne za ka yi aiki da maganarsa, kuma dogaron da ka yi da shi dogaro ne na hankali. A Amurka ma, wasu mutum biyu sun bi bayanin wani littafi suka ci laimar kwaɗi mai guba a matsayin wadda ake ci, har sai da aka yi musu dashen hanta, amma a 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin da ya buga littafin ba shi da alhaki.

Lamarin yana canzawa da zarar magana ta tashi daga jama'a ta koma kanka. Ka rubuta masa, ka faɗa masa ciwonka, ya ce sha cokali uku safe da yamma, ka tura masa kuɗi, ya aiko maka da kwalba ta ɗan aike mai babur. Nan akwai mutum, akwai ciniki, akwai kaya. Nan doka ta sami abin kamawa.

Suna rubuta "wannan ba shawarar likita ba ce" a ƙarƙashin bidiyo. Wannan ya wanke su ke nan?

Yana taimaka wa mai bayani na gama-gari, ba ƙarya. A shari'ar nan ta 1963, irin wannan rubutu na cire hannu ne ya kuɓutar da bankin da aka kai ƙara. Amma ba laya ba ce. Wanda ya sayar maka da kaya ba ya wanke kansa da layi ɗaya na rubutu, domin dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ruɗi, kuma ba ta yarda mai kaya ya kauce wa alhakin kaya mai aibi da sanarwa ba. Haka wanda ya duba matsalarka kai kaɗai ya yanka maka magani: aikin likita ya yi, ko me ya rubuta a ƙasa.

Ta ɓangarenka kuma, ka ɗauki rubutun da muhimmanci. Mutum ya gaya maka da bakinsa cewa ba zai tsaya maka ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Likita na gaske ne ya duba ni ta WhatsApp, na biya kuɗi. Idan ya yi kuskure fa?

Nisa ba ya sauke masa nauyi. Daga lokacin da ya karɓi bayaninka ya fara ba ka shawara a matsayinsa na likita, kai majinyacinsa ne, kuma za a auna shi da abin da likita mai hankali irinsa zai yi a wannan hali. Wani lokaci sakacin ma shi ne rashin cewa "wannan ba na waya ba ne, zo a taɓa ka". Ciwon ciki mai tsanani a gefen dama, ko ƙari a nono, ko yaro mai numfashi sama-sama, ba a gama da su ta hoto.

Hanyoyi biyu ne a gabanka, kuma mutane suna yawan haɗa su. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Ana shigar da koke ne da takardar rantsuwa ta kotu. Idan an same shi da laifi ana iya yi masa gargaɗi, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajista. Amma wannan kotu ba ta ba ka ko sisi. Diyya sai a kotun farar hula, kuma a can kusan kullum sai ka kawo wani likita ya ba da shaidar cewa abin da aka yi maka ya saɓa wa aiki. Sakamako mara daɗi shi kaɗai ba ya nuna sakaci.

To yaya zan gane mai farar riga a TikTok likita ne?

Farar riga da abin sauraren ƙirji ana sayar da su a kasuwa. Abin da ba a saya shi ne lambar rajistar MDCN da lasisin aiki na shekarar da ake ciki, wanda ake sabuntawa duk shekara. Ka tambaye shi cikakken suna da lamba da asibitin da yake aiki. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan ya ambaci asibitin kuɗi a Legas, to ya zama mai rajista da HEFAMAA, hukumar jiha da ke ba asibitoci da ɗakunan gwaji izini.

Kalmar "Dakta" ma ba ta isa ba, don akwai daktan ilimi, akwai na girmamawa, akwai wanda ya raɗa wa kansa. Yin aikin likita ba tare da rajista ba laifi ne a dokar likitoci. Sannan yanzu ana haɗa bidiyon bogi da fuskar sanannen likita ko ɗan jarida yana tallan magani. Ka lura da leɓe da murya ko suna tafiya tare, ka kuma duba ko bidiyon yana ainihin shafin mutumin.

Ni dai turowa aka yi, na tura a guruf ɗin 'yan unguwa. Ina ruwana?

Ɗan'uwa, da ruwanka. Mu a Legas mun ga inda wannan hanya ta kai. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka a filin jirgin Ikeja ɗauke da Ebola. A farkon Agusta sai ga saƙo yana yawo cikin dare, ana buga wa 'yan'uwa waya har Arewa, cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga Ebola. Aƙalla mutum biyu suka rasu saboda gishirin, aka kwantar da wasu da dama. Ebolar kanta mutum 8 ta kashe a duk Najeriya, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer fita daga asibiti. Waɗanda suka tura saƙon gishiri yawancinsu ƙauna ce ta sa su. A Maris 2020 kuma hukumomin lafiya na Legas suka sanar da kwantar da mutanen da suka sha kulorokwin fiye da kima saboda jin cewa yana maganin korona.

Ta fuskar doka, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ya kama wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin ta da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncin na iya kaiwa tarar naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyu. Wanda ya tura cikin rashin sani ba ya cikin wannan, don dokar ta nemi sani da niyya. Amma wanda aka gaya masa ƙarya ce, aka nuna masa, ya ci gaba da yaɗawa saboda yana samun mabiya ko kamasho, ya fita daga sahun marasa sani. Admin kuma, da zarar an ja hankalinsa kan saƙo mai haɗari, ya goge, ya kuma rubuta gyara a guruf ɗin, don gogewa kaɗai ba ta isa ga waɗanda suka riga suka karanta ba.

Malamanmu sun daɗe suna karanta mana hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Masu tallan maganin ƙarfin maza, da kayan mata, da maganin basir da sanyi, doka ta yarda da abin da suke yi?

Yawancinsu a'a. Dokar abinci da magunguna ta ƙasa tana da jerin cututtukan da aka hana tallata wa jama'a maganin warkar da su, cikinsu har da ciwon daji, ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya, ciwon ƙoda, tarin fuka, ƙiba da raunin mazakuta. Duk wanda ka ji yana cewa kwalbarsa tana raba mutum da suga har abada, to tallan kansa ya saɓa doka, tun kafin a buɗe kwalbar. Bayan haka, tallan magani yana bukatar izinin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kuma tun dokar 2022 hukumar ARCON ke tantance tallace-tallace, har da na kafafen sada zumunta. Jarumi ko mai mabiya da aka biya ya ɗaga kwalba a gaban kyamara shi ma yana cikin masu talla.

Abin da ya fi damun mu shi ne abin da ke cikin kwalbar. An sha gano maganin ƙarfin maza da aka ce na itatuwa ne zalla an zuba masa sildenafil, sinadarin Viagra, ba tare da awo ba. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiyoyi irin su isosorbide, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sukan ƙunshi dexamethasone: kumatu su cika, amma suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta sauka. Kuma wadda ta daɗe tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya daina sarrafa nasa sinadarin. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Haɗin ciwon jiki kuma yakan ɓoye diclofenac, mai cin ciki da ƙoda idan an dimance shi. Saurin aikin da ake yabon irin waɗannan haɗe-haɗe da shi, sau da yawa daga nan yake.

Amma yana da lambar NAFDAC. Ai shi ke nan ko?

Ba shi ke nan ba, saboda dalili uku. Lamba ana ƙirƙirar ta, ana kuma kwafo ta wani kaya a manna. Ka shiga kundin Greenbook na NAFDAC a intanet ka rubuta lambar, ka ga ko sunan maganin da kamfanin da ƙarfinsa sun yi daidai da abin da ke hannunka. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da masu kashe ƙwayoyin cuta da yawa suna da wurin kankarewa a kwali: ka kankare, ka tura lambar zuwa gajeriyar lambar da ke jiki, amsa ta zo kyauta. A yi wannan a gaban mai kemis, kafin a bar shagon.

Na biyu, maganin gargajiya yakan zo da lamba mai harafin L a ƙarshe. Ma'anarta an gwada an ga ba ya nuna guba a gwajin da aka yi, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Masu talla sukan nuna lambar, su rufe wannan layi da yatsa.

Na uku, ko mai rajista yana iya gurɓata. A 2008 maganin haƙoran yara My Pikin, wanda aka yi a nan Legas, ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, yara 84 suka rasu da ciwon ƙoda. A 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara 7. An kai ga hukunci ne saboda akwai kamfani, akwai lambar rukunin da aka sarrafa, akwai kwalaben da aka kai ɗakin gwaji. Garin magani a ƙullin leda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Wurin saye ma abin dubawa ne. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana sayar da magani a kasuwa, tasha, bakin titi ko cikin mota. A Fabrairun 2025 NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota tare da ta Onitsha da ta Aba don bincike. Mai sayar da magani ta intanet kuma dole ya yi rajista da hukumar masu harhaɗa magunguna, PCN, da ƙwararren mai harhaɗa magani da ke amsa sunan wurin.

Mai maganin gargajiya ko na Musulunci shi ma ana iya tuhumarsa?

Ana iya. Legas tana da hukumar maganin gargajiya ta jiha da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, har da ungozomomi. Dokar laifuka ta ɗora wa duk wanda ya ɗauki aikin yi wa wani magani nauyin ya kasance yana da ƙwarewa, ya kuma yi hattara. Ba ta ce sai mai digiri ba. Musulunci ma haka ya ce tun da daɗewa: Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, to lamuni yana kansa.

Ba mu raina zuma da habbatussauda da zogale. Inda ɓarna take shi ne a ce wa mai suga ya ajiye allurar insulin, ko mai hawan jini ya bar ƙwayarsa, ko mai cutar ƙanjamau ya daina karɓar magani. Hawan jini ba ya ciwo sai ranar da ya shanye ɓarin jiki, don haka "na ji sauƙi" ba awo ba ne. Na'ura ce ke faɗa. Jariri kuma ba a ba shi zuma sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa kashewa ba.

Facebook da TikTok da suka bar bidiyon fa?

Da wuya ka kama su. A Amurka, inda kamfanin Facebook yake, sashe na 230 na wata doka ta 1996 ya kare su daga alhakin abin da masu amfani suka wallafa. A Najeriya hukumar fasahar sadarwa, NITDA, ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta nemi su sauke abin da ya saɓa doka idan an sanar da su. Don haka a kai rahoton bidiyon, amma a ɗauki hotonsa da adireshinsa kafin a kai, kada shaida ta tafi tare da shi.

Na tambayi ChatGPT, ya amsa mini da Hausa dalla-dalla. In dogara da shi?

Yana da amfani wajen fahimtar kalmar da likita ya rubuta ko shirya tambayoyin da za ka yi masa. Amma yana faɗin daidai da kuskure da murya iri ɗaya, kuma a Hausa kuskuren ya fi sauƙi, don kalmominmu na ciwo suna da faɗi. "Sanyi" na iya zama ciwon gaɓoɓi, na iya zama cutar saduwa. "Basir" a bakinmu ya haɗa abubuwa da yawa, har da zubar jinin da ke iya zama alamar dajin hanji. "Shawara" na iya zama ciwon hanta, na iya zama rawayar idon jariri. Ba ya ganin ka, ba ya auna ka, ba shi da lasisin da za a soke, kuma sharuɗɗan da ka amince da su sun ce ba madadin likita ba ne. Awon magani, musamman na yaro ko mai ciki, a tabbatar da shi wurin mai harhaɗa magani.

Shafin babban asibiti ne na Amurka ko Ingila. Shi ma da matsala?

Bayanin na iya zama gaskiya tsantsa, amma ba kai aka rubuta wa ba. Shafin Ingila zai ce mai zazzaɓi ya huta ya sha ruwa ya jira kwana biyu ko uku, domin can ba a kama zazzaɓin cizon sauro. A Legas, zazzaɓi yana bukatar gwajin jini a ranar, musamman ga yaro da mai ciki. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa a nan sai an yi tunanin kwalara, wadda ta ɓarke a jihar a Yunin 2024.

Sai matsalar awo, wadda ta fi kowace cutar da yara. Amurkawa suna auna nauyi da fam, mu da kilo. Yaro mai kilo 10 fam 22 ne. Ana ba yaro farasitamol miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini. Mai kilo 10 ke nan bai wuce miligiram 150 ba, wato kusan mililita 6 na ruwan maganin da aka rubuta 120 a cikin mililita 5. Uwar da ta rikita fam da kilo za ta ba shi fiye da ninki biyu. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, kuma cokulan gida ba su da tabbas, gara sirinji ko murfin awo. Abin da suke kira acetaminophen shi ne farasitamol ɗinmu, kuma yana cikin magungunan mura da yawa. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu 500, idan an haɗa duka. Wanda ya wuce kima yakan ji lafiya lau a ranar farko, hanta kuwa tana lalacewa, don haka a tafi asibiti nan take da kwalin a hannu.

Zafin jiki 100.4 a ma'aunin Amurkawa shi ne 38 a namu. Suga kuma awo biyu ne: 126 a ɗaya shi ne 7 a ɗayan, ana rabawa da 18. Ka duba wanda na'urarka ke amfani da shi kafin ka firgita ko ka saki jiki.

Tsufan bayani ma cuta ne. Najeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro tun 2005, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Wanda aka fi bayarwa yanzu, artemether da lumefantrine, sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki. Wanda ya tsaya a kwana ɗaya saboda ya ji dama, ciwon na iya dawo masa.

Wace hanya ce mai sauƙi ta tantance saƙo kafin in yi aiki da shi?

Fara da suna: wa ya faɗa, kuma ina za a same shi gobe? Sai kwanan wata. Sai ka tambayi kanka me yake sayarwa, domin bayanin da ya ƙare da lambar asusu talla ne. Sai ka nemi maganar a wani wuri da ba shi da alaƙa da na farko: shafin hukumar yaƙi da cututtuka, NCDC, wadda ke da layin kyauta 6232, ko na NAFDAC, ko ma'aikatar lafiya ta Legas, ko Hukumar Lafiya ta Duniya. Tambarin hukuma a kan hoto ba hujja ba ne, sai ka ga sanarwar a shafinta.

Magani ɗaya mai warkar da cuta goma, da "likitoci ba sa so ku sani", da "tura wa mutum ashirin", da saƙon murya marar suna, da hotunan kafin da bayan, duk alamu ne na a dakata. Mun san rashin yardar mutanenmu da hukuma yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano a 1996 ya faru da gaske. Amma an san wanda ya yi, an kai shi kotu, a 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Jita-jitar rigakafin shan inna ta 2003 kuwa ta bar yara da nakasa, ba wanda ya biya su.

Yaushe zan ajiye waya in nufi asibiti kai tsaye?

Jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zafi 38. Yaro ya kasa shan nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi taune-taune, ko ba ya farkawa sosai. Mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani da kumburin fuska. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Ciwon ƙirji da gumi. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, kuma saɓa masa na jawo tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Mai gudawa a fara ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari na leda, tun a hanya. Idan babu, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin da ya wuce haka yana iya cutar da yaro.

Ɓarna ta riga ta faru. Me zan adana, ina zan je?

Asibiti tukuna, kuma a gaya wa likita ainihin abin da aka sha, ba ɓoye-ɓoye, a roƙe shi ya rubuta a fayil. Wannan rubutu ne zai haɗa maganin da ciwon daga baya. A ajiye ragowar maganin a kwalbarsa, da kwali da leda da takardar ɗan aike. A ɗauki hoton hirar gaba ɗaya, lambar waya da kwanan wata suna bayyane, a sauke saƙonnin murya, a ajiye alat na banki mai sunan asusun. Kada a sayar da wayar ko a goge ta, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar bayani kan na'urar da aka ciro shaidar daga cikinta.

Maganin jabu ko mai illa a kai wa NAFDAC, tana da ofis a Isolo da manhajar Med Safety ta rahoton illa. Yaudarar ciniki a kai FCCPC ko LASCOPA, hukumar kare masu saye ta jiha. Likita, MDCN. Asibiti ko ɗakin gwaji, HEFAMAA. Famasi ko kemis, PCN. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Ofishin Mai Kare Jama'a na jihar Legas, OPD, ko cibiyar sulhu ta gwamnati, CMC. Babbar Kotun Legas kanta tana neman a nuna an gwada sulhu kafin a shigar da ƙara.

Kada a ja lokaci. A dokar Legas, ƙarar rauni a jiki saboda sakaci shekara 3 ce wa'adinta. Idan kuwa ma'aikacin gwamnati ne ko hukumarta, lauyoyinsu sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal. Zaman sulhu a gaban Sarkin Hausawa ko limamin unguwa abu ne mai kyau, amma ba ya tsayar da lissafin kwanakin nan. Kuma kada a sa hannu a takardar yafewa sai lauya ya karanta.

In fito a Facebook in tona asirin mai maganin?

A fara da hukuma. A 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta kan wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Idan za ka yi gargaɗi, ka faɗi abin da ya faru da kai da abin da takardar asibiti ta nuna. "Na sha ranar kaza, aka kwantar da ni ranar kaza" magana ce da za ka iya karewa. "Yana kashe mutane" sai da hujjar ɗakin gwaji.

Na tura hoton sakamakon gwajin matata a guruf don a ba ni shawara. Akwai laifi?

Akwai, idan ba da izininta ba. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin kariya, dokar lafiya ta 2014 kuma ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majinyaci. Ma'aikacin da ya ɗora hoton majinyaci a shafinsa ba izini ana iya kai ƙararsa wurin hukumar sana'arsa da hukumar kare bayanai, NDPC. A cikin iyali kuwa cutarwar ta zumunci ce: sakamakon ƙanjamau ko ciwon hanta ko rashin haihuwa, in ya shiga guruf, gobe yana wayar dangi a Kano da Sakkwato. Idan dole ne a nuna wa wani, a nemi yardar mai shi, a rufe suna da lambar kati da sunan asibiti, a tura wa mutum ɗaya wanda aka tabbatar likita ne.